Yadda Na Rufe wa Yahudawa Bukkarsu da Tamfol

Tun da na dawo ban huta ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a wurin mai tsire a tare ni. Aski na je yi a Hindawiyya, wanzami ya ɗora mini aska a maƙogwaro ya ce sai na gaya masa ko gaskiya ne an kama ni a Turai. Wani ya ce Yahudawa ne suka tsare ni, wani ya ce ni na musuluntar da su. Idi mai taksi ma yana ba fasinjojinsa labarin kamar da shi aka je. Na gaji da maimaitawa. Ga shi na rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambayata ya zo ya karanta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Haruna, aikina kafa tanti. Ina da shekara shida aka shigo da ni Makka ta Sudan, kuma sama da shekara talatin ke nan ina aiki a hannun Ammi Siraj: Arfa lokacin hajji, gidajen biki da na makoki sauran shekara. Shi ne kafilina, igamata, wato takardar izinin zama, a hannunsa take, zaman matata da 'ya'yana mata huɗu kuma a jikin tawa yake rataye. Bara ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ɗansa Fahad ya karɓi ofis. Likita ya ce a kai tsohon wani ƙaramin gari a ƙasar Cek, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa ana gasa wa masu irin ciwonsa jiki. Ana neman wanda zai tura keke, ya ɗaga shi, ya kuma jure bakinsa. Na farko da na biyu an samu mutane. Na ukun ni kaɗai ne.

Kafin mu tashi Fahad ya kira ni ofishinsa a Rusaifa, bai ce in zauna ba.

"Isma' ya Harun. Igamarka saura wata biyu ta ƙare. Ka kai babana, ka dawo da shi lafiya, in sabunta maka. Amma wallahi in sunanka ya shiga takardar ɗan sanda a can, ko ta tofar da yawu ce, huruj niha'i zan buga maka."

Wato fita ba dawowa. Fasfo ɗina na Nijar ne, ƙasar da sau ɗaya na taɓa zuwa, kwana goma sha biyu, bakwai a ciki gudawa na yi. Na ce masa, "Tayyib." Me zan ce?

Daga Jidda muka tashi. An sauke mu a Istanbul mu canja jirgi, kuma duk wanda ya gina filin jirgin nan bai taɓa tura mutum a keke ba. Na yi tafiyar da ta fi sa'ayin umra biyu, Ammi Siraj yana gaba yana ba ni umarni da sandarsa. Hausarsa ba ta wuce zagi da sunan abinci ba, a bakin ma'aikata ya koya, amma yana amfani da ita yadda ya kamata. "Yalla, ragon banza! Dama! Na ce dama, jaki!" Wata Baturkiya ta ji tausayina ta ba ni ruwa, ta ɗauka ubana ne.

A iyakar Cek, fasfon Ammi ko buɗe shi da kyau ba su yi ba suka buga. Nawa kuwa jami'in ya juya shi gaba da baya, ya ɗaga shi a fitila, ya kira abokinsa suka duba tare kamar an kawo musu jabun dala. Da ƙyar ya buga. Ina cewa na tsira, sai ga wani ɗan guntun kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban jakata, ya ƙi tashi. Ashe Balki, matata, ta naɗe mini kilishi a cikin zanin sallah, ba ta gaya mini ba. Wata jami'a ta sa safar hannu ta ɗaga shi sama da yatsa biyu. Ammi ya ce mata da Larabci tafin takalmi ne, sana'ata ke nan. Allah Ya sa ba ta ji ba. Suka jefa shi a kwandon shara a gabana, karen yana kallona ina kallonsa, mu biyu muka san asarar da aka yi.

A waje muka tarar da Nizar, tafintan da asibitin ya turo, mutumin Sham ne da ya daɗe a ƙasar. Abin da na fara tambayarsa shi ne ko an rubuta sunana saboda naman. Ya ce a'a. Na ce alhamdu lillahi, rana ta farko ta wuce.

Masaukinmu hawa na uku ne, tagar falo tana kallon tsakar gidan hukumar gari. Bayan gida ba buta ba famfon tsarki, sai takarda. Na sami wata butar ban ruwan fulawa a baranda, na canja mata aiki. Shara kala huɗu ce, kowace da gidanta, kuma tsohuwar da ke ƙasanmu ita ce alƙalin shara. Ranar da na sa ɓawon ƙwai a gidan roba, har ƙofa ta kawo mini shi a tafin hannu. In na daka tafarnuwa ta bugi silin da tsintsiya. Mutanen ba sa gaisuwa. Na gai da wani a lif, ya taɓa aljihunsa. Amma karnukansu riga suke sawa.

Abinci kuwa, akwai wani tuwonsu na burodi da ake yankawa fale-fale, da kabeji mai tsami kamar ya kwana uku a rana. Alade yana cikin kusan komai, har miyar da ka rantse ganye ce. Muka koma ƙwai da dankali da kifin gwangwani. Ammi ya ce in ya warke daga shanyewar jiki yunwa za ta gama da shi.

Sai ruwa. A Makka in aka yi ruwan sama fitowa muke mu ɗaga hannu, har mu kira 'yan uwa a waya. Can ruwa ba baƙo ba ne, ɗan gida ne marar aikin yi. Da safe in kai Ammi a gasa shi, da azahar mu dawo, sauran yinin mu zauna a taga muna kallon ruwa, yana zagin duk wanda ya gifta.

A mako na biyu wasu ma'aikata uku suka shigo tsakar gidan hukumar da katako suka fara haɗa rumfa. Mu kuwa abin nema ya samu. Suka tsayar da ginshiƙai, suka kewaye gefe uku da farin ƙyalle. Har nan ba laifi. Da aka zo rufi sai suka jera 'yan sanduna jefi-jefi, suka watsa ganye a kai, suka rataya tuffa da inabi da takardu masu launi, suka kakkaɓe hannu suka tafi.

Ammi ya ce, "Shi ke nan? Sun gama?"

Na ce, "Ƙila gobe za su kawo rufin."

Gobe ta zo, jibi ta zo, ba rufi. Ruwa yana bi ta saman rumfar kamar rariya, tebur da kujerun ciki sun jiƙe sharkaf. Kullum da la'asar wani tsoho yakan zo da lema, ya tsaya a bakin rumfar, ya ɗan duba, ya tafi a hankali. Muka haɗa labarin da kanmu: rumfar sayar da 'ya'yan itace ce hukuma ta yi wa tsohon, ɗan kwangila ya cinye kuɗin rufi, shi kuma ba shi da mai tsaya masa.

"Ya Harun, ba ka jin kunya?" in ji Ammi. "Shekara talatin kana cin abinci da rufi, ga miskini ruwa na dukan kayansa a gaban idonka."

"Ammi, Fahad ya ce kada in taɓa komai."

"Fahad yana Makka. Kuma Fahad bai taɓa ɗaure igiya ba tun da uwarsa ta haife shi. Sadaka ce, ragon banza."

Ba zan ɗora masa laifin duka ba. Ni ma hannuna ƙaiƙayi yake. Mai sana'a ba ya iya kallon mugun aiki kwana uku ya yi barci mai daɗi. Na je kantin kayan gini na sayo shuɗin tamfol da igiya. Washegari gari na wayewa na sauka, ƙofar tsakar gidan a buɗe take, na taka kujera na hau. Da na kai hannu kan ganyen sai na ji roba ce. Na ce a raina, ɓarawon nan ko ganyen gaske bai saya ba. Na shimfiɗa tamfol, na ba shi gangara ta baya don ruwa ya sauka, na ɗaure kusurwa huɗu da ƙullin da muke yi a Arfa, wanda iska ba ta kwancewa. Na tsinki tuffa guda a matsayin ladan aiki, ita dai ta gaske ce. Na ɗaga kai, Ammi yana taga yana buga hannunsa mai lafiya a gilashi.

Ƙarfe tara aka ƙwanƙwasa ƙofa. 'Yan sanda biyu, da Nizar a bayansu, fuskarsa kamar an wanke ta da toka. Babban cikinsu, wani mai jan gemu, ya nuna mini hoto a waya. Ga ni a saman rumfa, jallabiya a naɗe, tuffa a baki.

"Ya Harun, me ka yi?" in ji Nizar. "Ka san mece ce wannan?"

"Rumfar mai tuffa."

"Wace tuffa! Bukkar ibadar Yahudawa ce. Sallarsu ake yi, ta kwana bakwai. Magajiyar gari ce ta sa aka gina, yau da azahar za ta karɓi baƙi a ciki, da 'yan jarida. Musulmi, daga Makka, ya hau wurin ibadar Yahudawa da sassafe ya lulluɓe shi. Ka san yadda za a rubuta wannan?"

Ban san lokacin da na zauna a kan matakala ba. Fuskokin 'ya'yana huɗu na gani a jere, da akwatuna, da filin jirgin Yamai. Ammi ya ce ba inda za a kai ni sai da shi. Haka muka sauka, ni ne mai laifi, ni ne kuma mai tura keke.

A tsakar gidan muka tarar da Magajiya, doguwar mace, ta sha kwat, da wata sarƙar sarauta mai nauyi a wuya. Tana kai da kawo da waya a kunne, tana nuna tamfol ɗina kamar gawa ce aka rufe. Na tambayi Nizar a hankali ko Bayahudiya ce. Ya ce a'a, Kirista ce, cocin ma bai tabbatar tana zuwa ba.

"To ina ruwanta da sallar wasu?"

Ya ce a da, unguwa guda ta garin ta Yahudawa ce. Lokacin babban yaƙi aka kwashe su aka hallaka, waɗanda suka dawo ba su da yawa, yanzu saura 'yan tsofaffi. Magajiya ce ta gayyato jikokin waɗanda suka tsira daga ƙasashe, su zo su yi salla a garin kakanninsu. Sannan ya ƙara da cewa zaɓe ma ya kusa. Ya ce da azumi ta yi wa Larabawan asibiti shan ruwa, ta fara ci kafin a kira salla.

Na ce na gane. Na sha kafa wa irinsu tanti. Akwai gwamnan da na gani a Mina yana raba wa alhazai ruwa, in mai hoto ya tsaya canja batir shi ma hannunsa ya tsaya. Ba na ce ba su da niyya mai kyau ba. Niyyar ce ba ta son fita ba mai hoto.

Mai jan gemu ya fito da littafi da biro ya ce in faɗi sunana. Ban taɓa kallon abu yadda na kalli biron nan ba. Ya rubuta suna, ya rubuta lambar fasfo. Ammi yana ihu daga keke, "Ni na sa shi! Rubuta Siraj! Ni za a kama!" Ba wanda ya kula shi.

Sai ga tsohon nan mai lema ya shigo. Nizar ya raɗa mini cewa shi ne babban Yahudawan garin, Yusufu sunansa, ko da yake su wani iri suke faɗinsa. Ni ban taɓa ganin Bayahude ido da ido ba sai a talabijin. Ban san me na zaci zan gani ba, amma ba wannan ba: ɗan tsoho mai jiƙaƙƙen takalmi, da na'urar ji a kunne, da 'yar hula kamar marfin kwano a tsakiyar sanƙo. Ya zagaya bukkar, ya kama ƙullina guda ya ja, bai motsa ba. Ya sake ja. Ya juyo ya yi magana, Nizar ya fassara.

"Yana tambaya don me ka yi."

Na ce, "Gaya masa ruwa na ga yana zuba a kan kayansa. Na zaci tuffa yake sayarwa an cuce shi a rufi."

Tsohon ya saurara, ya sa Nizar ya maimaita. Sai ya fashe da dariya, har da tari, har sai da aka ba shi kujera. Da ya samu numfashi ya yi mini bayani. Ya ce kakanninsu da suka fito daga Masar tare da Annabi Musa a bukkoki suka zauna cikin sahara, shi ya sa kowace shekara suke barin ɗaki su ci abinci a bukka kwana bakwai. Kuma dole rufin ya zama mai huji, mutum ya ɗaga kai ya hango sama, ya tuna ba rufi ke tsare shi ba.

Na ce, "Baba, a saharar Annabi Musa ba a ruwa kullum. Nan ana yi."

Ya ce matarsa ta shekara hamsin tana gaya masa haka.

Daga nan abin ya zauna mini. Mu ma ai muna da alhazan da ba sa yarda inuwa ta rufe su in suna tafiya cikin harami, har motocin da aka yanke wa rufi ake kawo musu, su zauna rana tana gasa su. Ban taɓa bin su da tamfol ba. Na gaya masa haka, ya gyaɗa kai, ya ce wa Magajiya a cire tamfol kawai magana ta wuce.

Magajiya ta ce ba ta wuce ba. Ta ce ma'aikata sun gani, labari ya riga ya fita, in ba a rubuta rahoto ba za a ce ba ta kare baƙinta ba. Ta ce ba ɗaure ni za a yi ba, takarda ce kawai. Takarda ce kawai! Ita ba ta san takardar ce dukan abin ba.

Da na ga an riga an yanka ni, sai tsoro ya tafi, haushi ya zo. Na ce wa Nizar, "Gaya mata in za a rubuta ni, a rubuta da wanda ya sa ganyen roba. Ni ko banza tamfol ɗina bai ce shi ganye ba ne."

Nizar ya ce, "Ya Harun, ka yi shiru."

Ammi ya buga sanda a ƙasa. "Fassara, ya ɗan Sham!"

Ya fassara. Dariyar tsohon ta ɗauke. Ya ce a miƙo masa ganye guda. Mai jan gemu ya fi kowa tsawo, ya zura hannu ƙarƙashin tamfol ya cizgo. Tsohon ya kai shi kusa da ido, ya shinshina, ya sa a baki ya ciza. Idonsa ba ya gani sosai, kwana uku yana kallon rufin daga ƙasa yana sa albarka. Ya ce rufin bukka sai da abin da ya tsiro daga ƙasa aka yanko shi. Ya ce wannan, ko da tamfol ko babu, da ita da rumfar jiran bas duk ɗaya.

Fuskar Magajiya ta yi ja har kunne. Ashe ba ɗan kwangila ba ne, ita da kanta ta zaɓi na robar, wai na gaske zai yi yaushi kafin ranar hoto. Ga shi saura awa biyu, kuma cikin baƙin akwai babban malaminsu daga babban birni, wanda tsohon ya ce yana shiga bukka rufi yake fara kallo kafin ya gai da kowa. Ta kira ma'aikatanta, suka ce su sai an ba su zane a takarda. Tsohon ya nuna ni da lemarsa ya ce ga wanda ya san rufi. Ya ce tsakiyar kwanakin sallar ake, aiki bai haramta ba, kuma ba sai Bayahude ne zai ɗora ba.

Na ce, "Takardar fa?"

Magajiya ta ce a yi aikin tukuna, a gani. Mai jan gemu ya rufe biro, amma littafin yana hannunsa.

Na taɓa zaton in na shiga motar 'yan sanda a baya zan zauna. A gaba na zauna, har da jiniya, muka tafi bakin kogi yankan kara. Ni ina yanka, mai jan gemu yana ɗauka, laka har gwiwarsa. Muka ciko motar muka dawo. Na kwance tamfol na naɗe shi na ajiye a gefe, na zubar da robar, na fara jera kara kamar za a yi zana. Tsohon ya zauna a ciki ya kwantar da kai baya yana kallon sama.

"Ya ce ƙara," in ji Nizar. Na ƙara. "Ya ce ya yi yawa, rage. Inuwa ta fi rana yawa, amma sama ta riƙa leƙowa."

Wallahi ban taɓa aiki mai wuyar wannan ba. Duk rayuwata toshe huji nake, yau an ce in bar shi da gangan. Hannuna da kansa yake matse karan, sai na buɗe. Ammi ya sa aka tura shi ciki kusa da tsohon, yana cewa gefen hagu ya karkace, tsohon yana cewa daidai ne. Suka kama musu, kowa da harshensa, har Nizar ya daina fassarawa, kuma ba su lura ba.

Da azahar baƙi suka iso, maza da mata, wasu da Turanci, wasu da harsunan da ban sani ba. Wata dattijuwa ta tsaya a bakin ƙofa tana riƙe da hoton wani gida, tana kuka ba sauti. Wannan ban yi masa dariya ba, har yanzu ma ba na yi. Malamin nasu ya shigo, baƙar hula, gemu kamar na limamin unguwarmu. Kamar yadda aka faɗa, sama ya fara kallo. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya gyaɗa kai ya ce wa Magajiya wani abu, ta yi murmushi ta dafa ƙirji. Nizar ya ce yaba mata ya yi, wai an ga ta yi bincike.

Aka ba ta reshen dabino da wani ƙaton lemo ta riƙe don hoto. Ta riƙe lemon a kife, tsoho Yusufu ya miƙa hannu a hankali ya juya mata shi. Suka yi addu'o'insu, aka kawo burodi da zuma da kifi da miya. Tsohon ya sa aka zuba mana ni da Ammi. Nizar ya ce mu ci hankali kwance, su ma ba sa cin alade. Tun da muka zo ƙasar, ranar ce na fara cin abinci ban juya shi da cokali ina bincike ba.

Sai Magajiya ta miƙe da jawabi, shafi huɗu, na ƙirga. Tana tsakiyar na farko ruwa ya sauko, ba yayyafi ba, na gaske. Rufina ya yi aikin da aka ce ya yi, ya bar shi ya wuce.

Abin da ya ba ni mamaki, Yahudawan nan ko gezau. Malaminsu ya dubi miyarsa, ya ga ruwa na ɗiga ciki, ya ɗauki kwanonsa ya miƙe. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kowa da farantinsa, suka shige cikin ginin. Na tura Ammi muka bi su zuwa bakin ƙofa. Na ce wa tsohon, ta bakin Nizar, "Baba, duk wahalar da na sha, guduwa za ku yi?"

Ya ce shari'arsu ta ce in ruwa ya kai ya ɓata miya, a shiga ɗaki. An ce su zauna a bukka, ba a ce su kamu da mura ba.

Magajiya kuwa ba wanda ya gaya mata. Ga kyamarori a kanta, masu ɗauka suna ƙarƙashin lema, ita kaɗai a bukkar Yahudawa tana karanta wa kujeru shafi na biyu. Gashinta ya kwanta, takarda ta fara narkewa a hannunta, ruwa yana bin sarƙar sarauta yana ɗiga. Ba ta iya dainawa, kada a ce ta raina ibadar mutane. Sai na ga idonta ya sauka kan tamfol ɗina da ke naɗe a gefe. Daga kan tamfol ya dawo kaina.

Na ce wa tsohon, "Ya halatta?"

Ya ɗaga kafaɗa. "A kanta? Ita ba a wajabta mata komai ba. Rufe ta."

Na fita cikin ruwan na warware tamfol. Riƙe shi sai mutum biyu, na miƙa wa mai jan gemu gefe guda, ya kama da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da littafi. Ya ɗaga nasa gefen. Ni ban ɗaga nawa ba. Na tsaya ina kallon Magajiya, in kalli littafin, in sake kallonta. Ba na jin harshenta, ba ta jin nawa, amma ba mu nemi Nizar ba. Ta karanta layi guda, ruwa ya shiga mata baki. Ta juya gefe ta ce wa ɗan sandan kalma ɗaya tak, ba ta daina murmushi wa kyamara ba.

Ya saki tamfol, ya buɗe littafin, ya yage shafin, ya cusa mini a aljihun jallabiya. Sannan muka ɗaga tare. Haka muka tsaya, ni da wanda ya kama ni, hannuwa a sama, har ta gama shafi biyun da suka rage, ba ta tsallake ko layi ɗaya ba. Ruwa yana bin hannuna yana gangarawa har hammata, daga bakin ƙofa ina jin Ammi yana cewa gefena ya yi ƙasa.

Mun ƙara mako biyu a garin. Tsoho Yusufu ya zo mana sau biyu da kifi, shi da Ammi su zauna a taga suna musu. Ƙafar Ammi ta ɗan motsa, bakinsa kuwa dama lafiyarsa ƙalau.

A Jidda Fahad ya tarye mu. Ya sumbaci kan babansa, sannan ya dube ni sama da ƙasa.

"Ba mushkila? Ba 'yan sanda?"

Shafin yana aljihuna, ya bushe ya yi tauri. Kafin in buɗe baki Ammi ya riga ni.

"'Yan sanda? Su suka riƙa ɗaukar masa kaya. Kwangilar gwamnati ya yi musu a can, abin da kai ba ka taɓa samo mana ba. Gobe ka sabunta masa igama, kuma ka ce ya zauna in ya shigo ofishinka."

Washegari na je Rusaifa. Ya sabunta. Kujerar ce dai har na fito bai nuna mini ba.